Ƙoran Goggo a Kan Rumfa

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma in akwai abin da ya hana ni shan inuwa ɗaya da mutanen Bauchi, to kwatance ne. Ka tambayi mutum ina gidansa, sai ya ce maka bayan gidan mai masa. Wace mai masar, a garin da kowane lungu akwai tanda a kan wuta? In ka matsa masa sai ya ƙara da cewa kusa da tsamiyar nan, alhali an sare tsamiyar tun kafin a haife shi, an kafa shagon caji a wurin. Ni kuwa Allah ya yi ni da son a ce min gabas ko yamma, a ce min kudu da wane titi. Maigidana kan ce ko barkono zan aike shi saye, sai na zana masa hanya.

Muna zaune a Ɗan Iya, gidanmu a kan ɗan tudu, don haka ruwan sama bai taɓa zame mana abin fargaba ba. Iyakarsa ya hana mai keke shigowa layinmu, mu taka zuwa bakin titi muna tattare zani. Amma an yi wata damina, ba da daɗewa ba, da marka ta zaune wa garin nan. Ruwa ya yi ta sauka ba tsawa ba iska, yau da gobe, har ƙasa ta ƙoshi ta fara mayar da shi. Duwatsun da suka kewaye gari su ma suka riƙa turo nasu ta kowane kwari. Makarantu suna hutu, ba ni da aikin yi sai shan shayi da kallon waya.

Wayar kuwa ba ta huta ba. Ina cikin guruf na dangi, da na malamai, da na matan unguwa, da na tsofaffin ɗalibaina da suka saka ni ciki ba tare da neman izinina ba. Ko'ina hotuna ne da bidiyo. Ga katanga a ƙasa, ga mota ruwa ya kai mata gilashi, ga mata suna kwashe ruwa da roba daga tsakar gida. A ƙarƙashin kowane hoto mutane na ta rubuta Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri. Ni kaɗai ce ke rubuta, "Ina ne nan?"

Wata ƙawata ta turo bidiyon wani gari da ruwa ya haɗiye har rufin gidaje, ta rubuta a yi wa Bauchi addu'a. Na duba da kyau na ga bishiyoyin kwakwa a jere, ga wani mutum cikin kwalekwale da wata irin hula da ban taɓa ganin irinta a ƙasar nan ba. Na tambaye ta a wace unguwa muke da kwakwa. Ta ce ita ma turo mata aka yi, kuma ai addu'a ba ta ɓaci. Ba ta sake kula ni ba sai da aka yi sallah.

Haushi ne ya sa na fara. Na buɗe taswirar garin a waya, duk hoton da na tabbatar namu ne, kuma na gane inda aka ɗauke shi, sai in dasa masa jar alama. Wani na gane shi ta hasumiyar masallaci, wani ta siffar dutsen da ke bayansa, wani kuma sai na bi mai shi da tambaya har ya gaji ya faɗa min sunan layin. Na fara jin daɗin aikin, ba zan ɓoye ba. Da jajayen alamun suka ɗan yi yawa sai ga hanyar ruwan ta fito sarai, tana bin tsofaffin kwaruruwan da aka cike aka yi gini a kansu. Abin da na shekara ina zanawa a allo yara suna hamma, ga shi ya zana kansa a tafin hannuna.

Na ɗora taswirar a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai don kawai in nuna musu har yanzu da saurana. Ba a jima ba wani daga cikinsu ya kira ni. Magidanci ne yanzu, yana aikin safiyo, har ya fara furfura, amma ni a wurina shi ne dai wanda ke zama a bencin baya yana cin gyaɗa. Ya ce suna da 'yar ƙungiya ta taimakon juna, sun samu aron akori-kura guda ɗaya, suna da shebur da diga da buhunan da suke cikawa da yashi. Matsalarsu ba su san inda za su fara ba, kowa na kiran su ta ko'ina. Ya roƙe ni in ci gaba da taswirar, su kuma su riƙa bin ta. Muka yi shawara: ja, inda ruwa ya shiga, kore, inda wani ɗan wurin ya tabbatar lafiya. Motar ɗaya ce, don haka inda ja yake nan za ta je, kore kuwa ko kallonsa ba za su yi ba.

Sai na koma aika tambaya unguwa-unguwa. Matan da ke sana'a a wajen barikin Shadawanka su suka fi sauƙaƙa min aiki. Da yawansu Hausar kasuwa suka iya, kuma ba sa kewaye-kewaye. Ɗaya ta aiko min saƙon murya tana cewa, "Malama, ruwa ya shiga ɗakina, katifa ya jiƙa, shinkafa ya jiƙa, har takalmin yara ya tafi." Na ce Allah ya yi miki albarka, na dasa ja. Mutanen cikin gari kuwa da danginmu, da na ce musu ya ruwa, amsa ɗaya ce suke bayarwa, wadda ni ma da ita na tashi: ruwa ya yi gyara. Haka ake cewa. Ruwa rahama ne, ba a kai ƙararsa. Ni kuma ina sauri, taswira na jira, duk wanda ya ce ya yi gyara sai in danna masa kore in wuce.

Cikin waɗanda na danna wa kore har da Goggo.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Mu asalinmu Fulani ne, mahaifina ya shigo gari ya yi boko ya zama ma'aikaci, ita kuwa ta tsaya a Tirwun tun wurin yana daji, tun ana jin kukan shanu daga kowace kusurwa. A hannunta na yi wani ɓangare na ƙuruciyata, lokacin da mahaifiyata ta yi wata doguwar jinya. Yanzu shanun sun ƙare, sai 'yan awaki, kuma sababbin gidaje masu dogayen katangu sun kewaye ta ta ko'ina. Ɗanta, taubashina, direban babbar mota ne, rabin shekararsa a hanyar kudu yake yin ta. Ya gina ɗakin bulo a gaban gidan, inda ƙasa ta ɗan tashi, ya so ta koma ciki. Ta ce ɗakin na matarsa ne. Ta ci gaba da zama a tsohon ɗakinta na ƙasa da ke can baya, a gangare, bayansa kwari.

Fulakon Goggo ya wuce misali. Ban taɓa jin ta ce tana jin yunwa ba, ban taɓa jin ta ce wani wuri na mata ciwo ba. Ta taɓa taka ƙaya ta yi kwanaki tana ɗingishi, da aka tambaye ta sai ta ce takalmin ne bai iya tafiya ba. Sunan ɗanta kuwa har gobe ba ta kama shi, sai dai ta ce mai motar nan. Irin wannan mata ce za a ce ta kwana a ɗakin surukarta, a kan gadon ɗanta? Ko ruwan zai kai mata wuya ba za ta yi ba. Duk wannan na sani sarai. Amma da na tambaya a guruf ɗin dangi, surukar ta aiko da saƙon murya, na ji muryar Goggo tana cewa lafiya lau, ruwa ya yi gyara, a gaishe da mutan gida, sai na ji sanyi a raina na danna kore.

Wata safiya ruwa ya ɗan tsagaita, ina zaune a baranda ina bin hotunan da mutane suka ɗora, sai na ci karo da na surukar Goggo. Hoton kaza ne da 'yan tsakinta, an rubuta alhamdulillahi a ƙasa. Na kusa wucewa, domin ba ni da lokacin kaji. Abin da ya tsayar da ni shi ne hoton bai yi kyau ba. Kazar tana can ƙasa a gefe, rabin jelarta ma bai fito ba, rumfar awaki ce ta cinye fiye da rabin hoton. Na ja shi da yatsu biyu na ƙara girmansa. A saman rumfar akwai wasu kaya an lulluɓe da leda, iska ta ɗage gefe ɗaya. Ƙorai ne, a kife, ƙanana cikin manya, da fayafansu.

Na san ƙoran nan kamar yadda na san yatsun hannuna. Su ne jeren Goggo, wasu na aurenta, wasu ta gada daga mahaifiyarta, farare tas da zane baƙi a bakinsu. Ba a dama fura a cikinsu, ba a aro, ba a taɓawa. Suna kan wani ɗan gado na kara a ƙuryar ɗakinta, sau ɗaya take sauke su a shekara ta goge ta mayar, kuma ko a ranar ba sa ƙetare bakin ƙofa. Na taɓa shan dukan da har yau nake tunawa saboda na ɗauki ƙaramar cikinsu na zuba tsakuwa. Bafulatana ba ta fitar da jerenta waje sai in tashi za a yi. In ƙoran Goggo suna kan rumfar awaki, to ɗakin nan ba ya zaunuwa.

Ina kyautata zaton da gangan yarinyar nan ta ɗauki hoton a karkace. Goggo ta hana ta faɗa, ita kuma ba za ta tsallake maganar uwar mijinta ba, sai ta nemi kaza ta fake da ita. Ban taɓa tambayar ta ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga zancen ba, amma tun daga ranar nake ajiye mata turare duk lokacin da na samu mai kyau.

Na buɗe taswira zan mayar da alamar ja, maigidana da ke gefe yana sauraron rediyo ya riƙe min hannu. Ya tuna min cewa taswirar nan yanzu rabin gari na kallon ta, har da danginmu na Tirwun. Kafin motar ta isa, labari ya riga ya kai wa Goggo cewa an nuna gidanta a waya cikin masu neman agaji. Ya ce na fi shi sanin abin da zai biyo baya. Za ta fito ta tare su a ƙofa da fara'a, ta ce sun yi ɓatan kai, gidanta lafiya lau, ta sallame su. Sannan ta koma ciki ta zauna a ƙarƙashin katangar da gayya, kuma surukar ce za ta sha ƙunar abin.

Na hau shi da faɗa. Na ce to in zuba ido gini ya danne ta saboda kunya? Na ce wannan hali namu wata rana sai ya kashe mu, mutum ruwa na cin sa yana cewa gyara ne. Na faɗi maganganu da yawa a kan Fulani da Hausawa baki ɗaya, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi bai ce a bar ta ba, cewa ya yi jar alama ba za ta fito da ita ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ba na son in ya yi gaskiya da safe.

Na daɗe ina kallon alamar. Kore ƙarya ne, ja kuma tonon asiri. Sai na duba cikin launukan da wayar ke da su na zaɓi ruwan ɗorawa, na dasa a kan gidan Goggo. Na kira ɗalibina mai safiyo na ce na ƙara launi. Ya tambayi ma'anarsa, na ce ma'anarsa a je gaisuwa.

"Malama, gaisuwa da akori-kura?"

"Da ita. Ku rufe shebur ɗin da tamfol, ku biyo ta Ɗan Iya ku ɗauke ni."

Muka kama hanya bayan azahar, ni a gaba, abokan aikin mai safiyo a baya a kan buhunan yashi. Tun daga inda kwalta ta ƙare na fara ganin abin da ya faru. Kowane sabon gida ya ja katangarsa ya tura ruwa gaba, na gaba ma ya tura wa na gabansa, har ya tarar da wanda ba shi da katangar turawa. Motar ta yi ta tangaɗi cikin taɓo, sau da yawa sai mazan sun sauka sun tura. A hanya nake ta juya abin da zan ce wa Goggo. Na san ba ta karɓar taimako. Amma na san kuma ba a taɓa neman nata taimakon ta ce a'a ba.

Dalili kuwa ina da shi a gida, ba sai na ƙirƙira ba. 'Yata ta fari ta dawo wurina goyon ciki, tana kwance tana cin ɗanwake tana kallon fim, lafiyarta ƙalau.

Na bar mazan a waje na yi sallama na shiga. Surukar ta tare ni, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi yarda mu haɗa ido. Na wuce baya. Goggo na zaune a kan turmi a ƙofar ɗakinta, ta yafa farin mayafinta, tana jan carbi kamar ba abin da ya faru. An share tsakar gidan, an kwashe ruwan, amma taɓon ya nuna inda ya tsaya. Jikin ginin ya jiƙe har wajen gwiwa, ƙasan ya fara zubewa, ga wata tsaga ta taso daga tushe ta nufi taga. Ta ƙofa na hango gadonta an ɗora ƙafafunsa a kan duwatsu. A nan take kwana. Na ji kamar in ɗauke ta cak in yi waje da ita, amma na tattara zanina na tsuguna.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin tata. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi makaranta, ta tambayi maƙwabciyata da ta taɓa gani sau ɗaya a wurin suna. Na ce ya ruwa, ta ce ya yi gyara. Na ce Allah ya sa mu ga ƙarshensa lafiya, ta ce amin. Duk tsawon lokacin nan ban bar idona ya sauka a kan tsagar ba, ban kuma ɗaga kai na kalli rumfa ba. Wuyana har ya ƙage saboda ƙoƙarin kada in kalli abin da na zo dominsa.

Aka kawo min fura a kofin roba, har ƙoran da take amfani da su suna kan rumfa. Na ga abin ya sosa mata rai, domin ba ta taɓa ba ni fura a roba ba, ni kuwa na shanye.

Sannan na kawo maganar. Na ce jikarta ta yi nauyi, ni kuma 'yar boko ce, ban san kan wankan jego ba, ban san ganyen da ake dafawa ba, ban san kunun da ake damawa ba. Na ce na zo in roƙe ta ta zo ta zauna da mu har a sauka lafiya. Goggo ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ai da saura, watan haihuwar bai ma tsaya ba, ita tana lissafe. Ta ce in lokaci ya yi a aiko, za ta zo ko da ƙafa ne.

Nan dabarata ta ƙare. Sai gaskiya ta fito da kanta.

"Goggo, tsoro nake ji. Ba na iya barci. In kina kusa da ni hankalina zai kwanta."

Ta daina jan carbin. Ta dube ni, irin kallon da take min ina yarinya in na ce ba ni na sha nonon ba. Daga nan, a karo na farko, ta juya ta kalli bangon ɗakinta, ta bi tsagar da ido daga ƙasa har sama, ta dawo da idonta kaina.

"To, tunda tsoro kike ji," ta ce. "Haihuwar fari ba wasa ba ce."

Ta ce amma ba za ta bar ƙoranta ba, domin awaki ba su da hankali. Ba ta faɗi abin da ya kai su kan rumfa ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce ai dama akwai mota a waje, wasu ɗalibaina ne suka rako ni, suna son su shigo su gaishe ta. Suka shigo suka zube suka kwashi gaisuwa. Mai safiyo ya ce tunda sun zo, kuma ga shi sun ga ciyawa ta toshe hanyar ruwa ta bayan ɗakin, bari su ɗan taɓa kafin Malama ta gama. Kafin ka ce me, shebur ya fito daga ƙarƙashin tamfol, sun haƙa wa ruwa hanya ta gefen katanga, sun jera buhuna a gaban ɗakin bulo. Goggo ta ce min yaran nan suna da tarbiyya, ba a cika samun masu zuwa gaisuwa da kayan aiki ba. Ta faɗa ba tare da ko murmushi ba, ni ce na sunkuyar da kai.

Ita ta sauke ƙoran da hannunta, ta naɗe su cikin tsohon zani. Ba ta yarda an sa su a baya ba. Haka muka dawo gari, ni da ita a gaba a matse, ƙullin a kan cinyarta ya tokare mata haɓa, tana yi wa direba faɗa duk ramin da ya faɗa.

Zaman Goggo a gidanmu yana cikin lokutan da na fi jin daɗi a rayuwata. Ta raina komai namu. Ta ce tayil ɗin ɗaki sanyi gare shi kamar kabari, ruwan famfo ba shi da ɗanɗano, nonon da muke saya kuwa ruwa ne aka nuna wa saniya. Ta sauke littattafaina daga kan kanta, har da babban littafin taswirar duniya da nake ji da shi, ta jera ƙoranta a wurin. Maigidana ya ce falon bai taɓa kyau irin na ranar ba. 'Yata ta samu mai shagwaɓa ta, aka hana ta ɗanwake aka koma kunu, ta yi ta kawo min ƙara ina cewa ba ruwana.

Ni kuma na koma kan taswirata na bi korayen nan ɗaya bayan ɗaya. Na daina karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto, na koma duba gefe da gefensa. Wata ta ɗora hoton tuwon da ta tuƙa, sai na lura murhun a kan benci yake. Wani ya ɗauki 'ya'yansa sun dawo daga islamiyya, a bayansu katifu ne a shanye a kan katanga. Duk na mayar da su ruwan ɗorawa. Masu akori-kura suka saba, har suka riƙa kiran kansu 'yan gaisuwa. Akwai gidajen da suka je suka tarar lafiya ƙalau, suka sha shayi suka fito, ba wanda ya yi asara.

Bayan 'yan kwanaki ruwa ya dawo da ƙarfinsa. Da hantsi surukar ta kira ni, ta ce bangon baya na ɗakin Goggo ya zauna, rufin ya biyo shi, ya sauka daidai kan gadon. Ba wanda ya ji ciwo. Ina kicin riƙe da waya, na zauna a kan buhun shinkafa na yi kukana na ƙoshi. Sannan na wanke fuska na je na faɗa wa Goggo. Ta yi salati, ta tambayi awaki, aka ce suna nan. Ta ce alhamdulillahi. Da yamma maƙwabta suka shigo jaje, ina jin ta daga ɗaki tana amsa musu cewa ruwa ya yi gyara. Wannan karon ban ji haushin kalmar ba.

Jaririyar ta zo a lokacinta, Goggo ta yi wa 'yata wankan jegon nan yadda ta ga dama, ba wanda ya isa ya sa baki. Da rani taubashina ya dawo ya tayar mata da ɗaki na bulo, nata na kanta, a kan tudu, ta koma da ƙoranta, littattafaina suka koma mazauninsu. Har yanzu duk damina ina buɗe taswirar, launuka uku, kuma mutanen Bauchi ba su fasa ce min bayan gidan mai masa ba.

Amma kafin ta koma, tun ruwan bai ɗauke ba, akwai wata la'asar da muke zaune a baranda, ni da waya ita da carbi. Sai ta ce in nuna mata abin nan da nake ta dannawa dare da rana. Na so in kauce, ta miƙo hannu. Na matsa kusa na nuna mata gari, ga Ɗan Iya inda muke, ga bariki, ga hanyar da ta fita zuwa Tirwun. Ta gane kwarin da kanta, ta bi shi da farce har ta tsaya a kan alamar da ke bakinsa. Ta tambaya ko nan ne gidanta, na ce nan ne. Ta ce jan nan fa da ta gani a wasu wurare? Na ce inda ruwa ya shiga ne. Koren kuma? Na ce inda ake lafiya. Ta ce to nata da ba ja ba kore ba, me yake nufi?

Na ce yana nufin a je gaisuwa.

Ta daɗe tana kallon alamar, ni kuma ina kallon fuskarta ina jiran faɗa. Sai ta ɗan gusar da yatsanta zuwa ƙetaren kwarin, inda babu alama ko ɗaya.

"Nan akwai wata tsohuwa, ita kaɗai ce a gidan. Kunya gare ta, ba za ta faɗa ba. Sa mata irin nawa." Ta ci gaba da jan carbinta, sannan ta ƙara, "Kuma ki ce wa masu gaisuwar kada su manta da shebur."

Na dasa alamar daidai inda yatsanta ya taɓa, na kira mai safiyo.